Mai ciwon laka ba shi zai biya kuɗin gwajin magani ba

Duk wanda ke cikin rukunin WhatsApp na malamai, ko na iyayen yara, ko na ƴan gari ɗaya mazauna Yamai, ya san irin wannan saƙon. Hoton saurayi kwance bisa gadon asibiti, sai bayani cewa hatsarin kabu-kabu ya taɓa masa laka, ƙafafunsa sun daina motsi, amma an samo wani asibiti a ƙasar waje inda ake "gwajin sabon magani", ana neman miliyoyin sefa kafin ƙarshen wata. A ƙasa ga lambar tura kuɗi. Mutanenmu akwai tausayi. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata sai ya tura jika biyu, uwa ta ba da kwasar adashinta, dangin yaron su sa gona a kasuwa.

Kalma guda nake so mu tsaya a kanta cikin wannan saƙon, ita ce "gwaji". A gwajin magani na gaskiya, mai binciken ne ke yawon neman kuɗi, majinyaci kuwa abin da yake bayarwa shi ne amincewarsa da jikinsa, kuma wannan ya isa. Wanda ya ce maka maganinsa ana kan gwada shi, sannan ya miƙo maka takardar biyan miliyoyi, ya haɗa abu biyu da ba su haɗuwa. In maganin ya tabbata, ya nuna mana inda aka tabbatar da shi. In bai tabbata ba, to da wane dalili zai sayar da shi? Cinikin biri a sama ke nan, kuma gonar marayu ake biya da ita.

Bari mu fara da ita kanta lakar. Igiya ce ta jijiyoyi wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, kaurinta bai wuce ƙaramin yatsa ba, tsawonta wajen santimita 45 ga babban mutum. Ta cikinta saƙo ke sauka zuwa ga hannu da ƙafa da mafitsara da hanji, ta cikinta kuma jin zafi da sanyi da taɓawa ke hawa. Ƙashi in ya karye yana haɗewa, shi ya sa muke da maɗora tun kaka da kakanni. Jijiyoyin laka ba haka suke ba. In sun tsinke ba su sake toho yadda ya kamata, wurin yakan kumbura a kwanakin farko ya ƙara ɓarna, daga baya ya yi tabo ya tare hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka a duniya, akasarinsu ta hanyar hatsarin mota da babur, da faɗuwa, da harbi ko sara. Zuwa yau babu wata allura ko ƙwaya ko dashe da aka tabbatar yana mayar da lakar da ta tsinke yadda take.

Akwai wani abu kuma da masu tallar waraka ba su so a faɗa. Ba kowane rauni ke tsinke laka gaba ɗaya ba. Mutane da yawa raunin nasu bai gama yanke hanyar ba, irin waɗannan sukan sami sauƙi da kansu cikin wata shida zuwa shekara guda, yatsa ya fara motsi, jin taɓawa ya ɗan dawo. Saboda haka in aka yi wa mutum allura wata uku bayan hatsari, ya ga ƙafarsa ta motsa a wata na biyar, ba wanda zai iya rantsuwa cewa allurar ce. Amfanin gwaji ke nan. A tara mutane masu rauni iri ɗaya, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin a bar wasu bisa kulawar da aka saba, likitan da zai auna su bai san wa ya sha wa bai sha ba, a bi su shekara da shekaru, sannan a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Malamai sun fi kowa gane wannan. Ba a cewa sabuwar hanyar koyar da karatu ta fi tsohuwa don kawai yaro ɗaya mai ƙwaƙwalwa ya ci jarrabawa.

Wannan aikin yana cin kuɗi sosai, kuma tarihin wanda ya biya yana da darasi. A watan Janairun 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba wani kamfani na jihar Kaliforniya mai suna Geron izinin gwada dashen wasu ƙwayoyin halitta, irin waɗanda ake kira ƙwayoyin tushe domin daga gare su sauran ƙwayoyin jiki ke samuwa, a kan masu sabon raunin laka. Takardun neman izinin kaɗai sun haura shafi dubu 20. An yi wa mutum na farko dashen a watan Oktoban 2010 a birnin Atlanta. Duniya ta ɗauka. A watan Nuwamban 2011, bayan an yi wa mutanen da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kamfanin ya ce ya tsayar da gwajin. Ba don maganin ya cutar da wani ba. Lissafin kuɗi ne: kamfanin ya ga gara ya mayar da jarinsa ga magungunan ciwon daji. Wani kamfanin ya gaji aikin bayan shekara biyu, wani kuma ya sake gadarsa, kuma har yau ba a kai ga amincewa da maganin don sayarwa ba. Ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. Ranar da ya ga ribar ta yi nisa zai naɗe tabarmarsa, ko da akwai mutane kwance suna jira.

Su wa suka riƙe aikin da kasuwa ta saki? Jama'a ne. A 2004 mutanen Kaliforniya suka jefa ƙuri'a suka amince jiharsu ta ware dalar Amurka miliyan dubu 3 don binciken ƙwayoyin tushe, a 2020 suka sake amincewa da wasu miliyan dubu 5 da ɗari 5. Daga wannan asusun aka tallafa wa kamfanin da ya gaji gwajin Geron. Ga kuma gidauniyar Christopher Reeve, ɗan wasan fim ɗin nan da ya faɗo daga kan doki a 1995 jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, ya rasu a 2004. A 2014 gidauniyar ta buɗe neman dalar Amurka miliyan 15 domin gwada wata na'ura da ake dasawa bisa laka tana ba ta ɗan lantarki, a kan mutum 36, a jami'ar Louisville. In aka ƙiyasta dalar Amurka a kan sefa 600, wajen miliyar 9 ke nan, wato miliyan dubu 9, domin mutum 36. A Ostiriya, a 2004, Heinz Kinigadner, tsohon zakaran tseren babur wanda ɗansa ya shanye a hatsari, shi da mai kamfanin Red Bull suka kafa gidauniyar Wings for Life. Tun 2014 suke shirya gudu na duniya kowace shekara, kuɗin rajistar masu gudun na tafiya ga bincike.

Ku lura da abin da ya haɗa waɗannan duka. Su ma karo-karo ne, kamar namu. Bambancin shi ne inda kuɗin ke zuwa. Nasu na shiga asusun bincike mai kwamitin masana da ke tace wanda za a ba, a ƙarshe kuma a fito da amsa wadda duk mai ciwon laka a duniya zai amfana da ita, har da na Tasawa da na Mirriya. Namu na shiga aljihun mai asibiti ɗaya, saboda mutum ɗaya, kuma ba amsar da ke fitowa.

Dubi kuma yadda masu binciken gaskiya ke magana in sun sami nasara. A birnin Lozan na Suwizalan, Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch sun ba da labari a 2023 cewa wani ɗan ƙasar Holan, Gert-Jan Oskam, wanda ya shanye tun 2011 sanadin hatsarin keke, ya iya tsayawa da takawa da abin dogarawa, bayan an dasa masa na'ura a kai da wata a baya suna aika wa juna saƙo. Mutum ɗaya ne, kuma haka suka ce, mutum ɗaya. A Japan, jami'ar Keio ta yi wa mutum huɗu dashen ƙwayoyin tushe daga ƙarshen 2021, ta bayyana sakamako a watan Maris na 2025: biyu sun sami ci gaba, ɗaya daga cikinsu har yana iya tsayawa, sauran biyun ba wani canji na a zo a gani. Ba su ɓoye biyun da abin bai yi wa aiki ba. To in manyan jami'o'in duniya, da duk kayan aikinsu, lissafinsu bai wuce mutum ɗaya ko huɗu ba, ta ina wani asibitin da ba a san shi ba sai a Facebook ya samo ɗaruruwan da yake cewa ya tayar?

An taɓa bin sawun irin wannan iƙirarin. A farkon shekarun 2000 wani likita a birnin Beijin na ƙasar Sin ya yi suna wajen dasa wa masu ciwon laka ƙwayoyin da aka ciro daga ƴan tayi, mutane na zuwa daga ƙasashe da dama suna biyan kuɗi masu yawa. A 2006 wasu likitoci uku, Bruce Dobkin da Armin Curt da James Guest, suka buga abin da suka gani a jikin mutum bakwai da suka auna. Ba ko ɗaya da ya sami sauƙi mai amfani, biyar kuwa sun gamu da matsala bayan aikin, har da sanƙarau. A 2014 kuma likitoci a Amurka suka ba da labarin wata mata da aka dasa wa naman cikin hancinta a laka a ƙasar Fotugal. Bayan shekara takwas ta dawo da ciwon baya, aka buɗe aka tarar da ƙari yana fitar da majina a cikin lakarta. Shekara takwas. Wane asibitin talla ne zai bi ɗanka shekara takwas bayan ka biya ka hau jirgi ka dawo Damagaram? Ita kanta Indiya, inda da yawan mutanenmu ke zuwa neman magani, kuma tana da likitoci na ƙwarai, ƙa'idojinta na 2017 sun ce ban da dashen ɓargo ga wasu cututtukan jini da aka sani, duk wani amfani da ƙwayoyin tushe bincike ne, bai halatta a yi shi ba sai cikin gwajin da hukuma ta amince da shi. Wato abin da dillali ke tallata maka a nan, can ƙasar tasu ma ba a yarda a sayar da shi a matsayin magani ba.

Na san kalmar "gwaji" tana da ɗaci a ƙasar Hausa, kuma ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Wannan tabon na cikin abubuwan da ake ambata in ana maganar ƙin rigakafin shan inna da ya biyo baya a 2003. Amma mu mutanen Maraɗi muna da wani misalin a ƙofar gidanmu. A gundumar Madarunfa aka gwada rigakafin wata ƙwayar cuta mai sa jarirai zawo mai tsanani, wanda ke jure zafi ba sai an ajiye shi cikin sanyi koyaushe ba. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre suka gudanar da shi tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu, a kan jarirai fiye da 3,500. An buga sakamakon a 2017, ya nuna rigakafin na rage zawo mai tsanani da wajen kashi biyu cikin uku, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Iyayen Madarunfa ba su sayar da gona ba don ƴaƴansu su shiga. Kano ta koya mana cewa gwaji na bukatar sanin mutum da yardarsa da idon hukuma. Madarunfa ta koya mana cewa ana iya yin gwaji mai tsabta a karkararmu, duniya ta amfana.

Wani zai ce da ni: kai malam, kana kashe wa mutane fata, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Gaskiya ne zai kama, ba kuma shi nake zargi ba. Da mai miƙa takobin nake, da mu da ke tsaye bakin gaɓa muna tafa masa. Wani zai ce kuɗinsu ne, su yi yadda suka ga dama. Ba nasu ba ne su kaɗai, tunda an zo an nemi naka da nawa, kuma gonar da aka sayar ta ƙannen yaron ce su ma. Wani zai ce Allah ke warkarwa, wa ya sani ko a can rabonsa yake. Allah ke warkarwa, babu shakka, kuma mun yi imani kowace cuta da maganinta. Amma neman maganin aikin masu ilimi ne, ba kuma tawakkali ba ne ka ba wanda bai iya nuna maka hujja ba dukiyar iyalinka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Yaron ya dawo yadda ya tafi, kuɗin sun ƙare, masu taimako sun gaji domin sun riga sun bayar, ga shi yanzu ne ake bukatar katifa da keke da robar fitsari na tsawon rayuwa. An sayar da kare an sayi biri.

Domin abin da ke kashe mai ciwon laka ba rashin tafiya ba ne. Gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. A yaƙin duniya na farko mafi yawan sojojin da suka ji rauni a laka sun mutu cikin makonni ko watanni. Wanda ya juya wannan tarihin shi ne Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya gudo daga Jamus a 1939, aka ba shi sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Ba shi da maganin haɗa laka. Abin da ya tsananta a kai shi ne a juya majinyaci duk bayan awa biyu dare da rana, a fitar masa da fitsari cikin tsabta, a tayar da shi ya motsa jiki ya koyi sana'a. Mutanen da ake jira su mutu suka rayu suka koma aiki. A 1948 ya shirya wa majinyata 16 gasar harbin kibiya, wadda ita ce tushen gasar masu buƙata ta musamman ta duniya da ake yi yau. Wani bincike da aka buga a 2012 ƙarƙashin Michael Fehlings na Toronto, a kan mutum 313 masu rauni a wuya, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyatar sassauta matsin laka cikin awa 24 kusan kashi 20 cikin 100 sun sami babban ci gaba, waɗanda aka jinkirta kuwa kusan kashi 9. Yanzu ku auna da wanda hatsari ya same shi tsakanin Ƙonni da Madawa, aka ɗauke shi hannu da ƙafa wuyansa na lilo, aka naɗe shi a bayan mota. Wani lokaci hatsarin ƙashi kawai ya karya, masu ceton ne suka ƙarasa lakar ba da saninsu ba.

Nan ne nake ganin ya kamata maganar kuɗin gwaji ta shafe mu kai tsaye. Ba mu da miliyar 9 na dasa na'urori, ba kuma shi ne bukatarmu ta farko ba. Tambayoyinmu masu araha ne, kuma ba wanda zai amsa mana su daga Lozan. Wace irin katifa da ake iya ɗinkawa a Maraɗi ta fi hana gyambo cikin zafin watan Afrilu? In aka koya wa ƴan kabu-kabu da ƴan tasha yadda ake ɗaukar wanda ya ji rauni bisa allo ko ƙyaure, kai da wuya da baya a miƙe, mutum nawa za su tsira da ƙafafunsu? Wace hanya ce ta fitar da fitsari ta fi dacewa da gidan da ruwa sai an je rijiya? Ƙasar Bangaladesh, wadda ita ma talaka ce, ta yi irin wannan. Masu bincike a wata cibiyar masu shanyewar jiki kusa da birnin Daka sun gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu amfani da keke na mutuwa cikin shekara biyu bayan an sallame su, akasari saboda gyambon da ya ruɓe. Sai suka yi gwaji a kan mutum 410, da tallafin hukumar binciken lafiya ta Ostareliya, don su ga ko kiran waya a kai a kai da ƴar ziyara gida za su rage mutuwar. Sakamakon ya nuna ba su rage ba, kuma suka buga shi haka. Wannan ma riba ce, domin ya hana a zuba kuɗi cikin abin da ba ya aiki. Mai sayar da fata ba ya taɓa buga irin wannan sakamakon.

Wani zai ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara, ina ita ina binciken laka? Amsata ita ce wanda ke shanyewa galibi saurayi ne ko magidanci mai ciyar da gida. In ya kwanta, matarsa ta bar sana'a, ƴarsa ta bar makaranta don jinya, kuma ku malamai ku ne ke ganin gurbinta a aji. Ba kuma sabon alkawari nake nema ba. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. A 2008 a Bamako taron ministoci ya yi kira ga ƙasashe su ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kasafin ma'aikatar lafiya ga bincike. Muna da sassan koyar da likitoci a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta André Salifou ta Damagaram, muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES. Ɗaliban likita na rubuta kundin kammala karatu kowace shekara. A ba su kuɗin da za su ƙirga masu ciwon laka, su bi su gida, su gwada abin da ake iya gwadawa. Attajiranmu da ke biya wa mutum ɗaya jirgi, kuɗin tafiya guda zai iya ɗaukar nauyin ƙaramin bincike irin wannan, ladan kuma ya fi yaɗuwa.

Ku malamai, akwai nauyi a kanku da ba a rubuta cikin takardar ɗaukarku aiki ba. A ƙauyuka da yawa, in takarda ta zo da Faransanci ko Ingilishi, wurin mushe ake kai ta. In aka kawo muku irin wannan tayin, kada ku tsaya ga fassara kawai. Ku tambaya: wace hukumar magunguna ce ta ba da izinin gwajin, ina lambar izinin? Wane kwamitin ɗa'a ya duba shi? Wa ke biyan kuɗinsa, kuma in akwai mai biya, don me ake neman na majinyaci? A ina aka buga sakamakon waɗanda aka yi wa a baya, nawa ne abin bai yi wa aiki ba? In matsala ta taso bayan an dawo gida, wa zai ɗauki nauyi? Ku sani kuma cewa ganin sunan gwaji cikin kundin rajista na intanet ba shaidar amincewar hukuma ba ne, domin mai gwajin ne ke shigar da kansa. Sannan ku kai takardar wurin likitan ƙashi ko na jijiya da ba shi da kaso cikin tafiyar. Mai gaskiya zai amsa waɗannan tambayoyin cikin sauƙi. Dillali kuwa zai ce muku lokaci na ƙurewa, gurbi ɗaya ya rage. Wannan gaggawar ita kanta amsa ce.

Ban ce a daina fita waje neman magani ba. Akwai tiyatar gyara ƙashin baya da horon motsa jiki da aka tabbatar da amfaninsu, in likita ya tura mutum don su, a taimaka masa da zuciya ɗaya. Ban kuma ce a daina karo-karo ba. Cewa nake a karkata shi. A saya wa yaron katifa mai kyau da keken da ya dace da jikinsa da matashin zama, a tanadi robar fitsari da sabulu, a biya mai koya masa motsa jiki, a koya wa mutum biyu cikin gidan yadda ake juya shi da duba fatarsa kullum. Kwamitin makaranta da ƙungiyar iyayen yara su gyara ƙofar aji da makewayi yadda keke zai shiga, domin yaron da ƙafarsa ta shanye ƙwaƙwalwarsa na nan daram, kuma karatu ne zai ciyar da shi gobe. A cikin darasin tsabta da lafiya, a ware rabin awa a nuna wa yara yadda ake ɗaukar wanda ya faɗo daga bishiya ko cikin rijiya ko daga babur. A matsa wa samari su sa hular kwano.

Mai yiwuwa ne wata rana a sami maganin da zai haɗa lakar da ta tsinke. In ranar ta zo, daga gwajin da jama'a da gwamnatoci suka biya zai fito, da sunayen masu binciken da lissafin waɗanda ya yi wa aiki da waɗanda bai yi wa ba, kuma likitocinmu za su ji labarinsa kafin dillalai. Aikinmu shi ne mu riƙe marasa lafiyarmu da rai da lafiyar fata da ƙarfin jiki har zuwa lokacin, da gonarsu a hannunsu. Saƙo na gaba da zai shigo rukuninku, kafin ku tura kuɗi ko ku tura shi gaba, ku rubuta tambaya ɗaya a ƙarƙashinsa: in gwaji ne, wa ke biya?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye mu da ƴaƴanmu bisa hanya.